Ladubban Sukar Gwamnati kan Sa wa Jama'a Ido

Sa ido shi ne bibiyar da hukuma ke yi wa mutane domin ta san abin da suke faɗa, da waɗanda suke hulɗa da su, da wuraren da suke zuwa. A da aiki ne na 'yan leƙen asiri da masu kai rahoto: a dasa mutum a tasha ko a majalisar hira ya saurara ya kai labari, ko a buɗe wasiƙa a gidan waya. Yau mafi yawan aikin ya koma cikin wayar hannu. Kamfanin sadarwa ya san lambar da aka kira, da lokacin kiran, da tsawonsa, da ƙarfen sabis ɗin da wayar ta kama. Ko ba a ji kalma ɗaya daga cikin zancen ba, waɗannan bayanai sun isa su nuna wanda ke zaryar asibiti, da wanda ya kwana a wani gari, da ma'aikacin da ke yi wa ɗan jarida waya da tsakar dare.

A Najeriya batun ya wuce na masana kaɗai. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu amfani da layukansu har shekara biyu, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an nema. A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a Afrilun 2022 kuma aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. Tun daga nan, a ƙa'ida, kowane kira yana da suna da hoto da zanen yatsa a bayansa. A ƙwarya-ƙwaryar kasafin kuɗi na 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA kimanin naira biliyan 4.8 domin kayan bibiyar saƙonnin WhatsApp da wayoyin Thuraya. Tun kafin nan, a 2013, jaridar Premium Times ta ruwaito cewa gwamnati ta ba kamfanin Elbit Systems na Isra'ila kwangilar dala miliyan 40 ta sa ido kan harkokin 'yan ƙasa a intanet.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da karɓar labari da isar da shi, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Sai dai sashe na 45 ya ba da damar a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda tsaro ko zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu, bisa sharaɗin cewa doka ce ta tanadi taƙaitawar, kuma hankali zai ɗauke ta a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Kusan duk jayayyar da ake yi a kan wannan sharaɗi take.

A 2019 hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idojin sauraron wayar mutane. Sun tanadi cewa a nemi izinin alƙali, amma a yanayin gaggawa ana iya fara saurare ba tare da izinin ba, sannan a neme shi cikin awa 48. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, sai dai ta sassauta wa ayyukan tsaron ƙasa da binciken laifi a wurare da dama.

Kare sirri ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Suratul Hujurat ta hana binciken aibin mutane, Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini. Ginin gidan Bahaushe ma haka yake: baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, ba don mai gida yana ɓoye kayan sata ba, sai don cikin gida na iyali ne. Wayar hannu a yau ita ce cikin gidan, a cikinta ake ajiye zancen aure da bashi da rashin lafiya. Wannan ya isa amsa ga masu cewa mai gaskiya ba ya tsoron a saurare shi.

Dalilin da ya sa suka ta zama dole

Sa ido ya bambanta da sauran ayyukan gwamnati da abu ɗaya: a ɓoye ake yinsa. Idan hanya ta lalace kowa ya gani, idan albashi bai shigo ba ma'aikaci ya sani. Wanda ake sauraron wayarsa kuwa bai sani ba, balle ya kai ƙara. Shi ya sa ɓarna ke daɗewa a nan kafin ta fito fili. A Amurka, a 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya tona irin bibiyar da hukumomin ƙasar suka daɗe suna yi wa 'yan gwagwarmaya, har da Martin Luther King. A Maris ɗin 2013 shugaban hukumomin leƙen asirin ƙasar, James Clapper, ya musanta a gaban wani kwamitin majalisar dattawa cewa ana tattara bayanan miliyoyin Amurkawa. Wata uku bayan haka takardun da Edward Snowden, wanda ya yi aiki da hukumar leƙen asiri ta NSA, ya fitar suka nuna hukumar tana kwasar bayanan kiran waya na jama'a gaba ɗaya. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce doka ba ta ba da wannan izini ba, majalisa kuma ta sauya dokar a shekarar. A Najeriya, ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta wallafa rahoto a 2020 kan yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen kama 'yan jarida.

Faɗa wa mai mulki gaskiya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jera zaluncin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya a Kitabul Farƙ, 'yan jam'iyyar NEPU kuma sun sha ɗauri da bulala a shekarun 1950 saboda sukar hukumomin En'e. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma sirrin nan da ya sa suka ta zama dole shi ne kuma ya sa take da haɗari, domin inda babu cikakken bayani, zato da jita-jita ne ke cike gurbin.

Tabbatar da magana kafin a faɗe ta

Ladabi na farko, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne mai suka ya rarrabe abin da ya sani daga abin da yake zato. Akwai abin da takarda ko hukuncin kotu ya tabbatar, akwai abin da alamu suka nuna, akwai kuma abin da ake fargaba kawai. Dukkansu ana iya faɗa a bainar jama'a, muddin an kira kowanne da sunansa. Kasafin 2021 ya tabbatar da cewa an ware kuɗi don kayan bibiya. Bai tabbatar da cewa an sayo kayan ba, ko suna aiki, ko a kan wa aka yi amfani da su. Wanda ya ce an ware kuɗi kaza, muna so a gaya mana abin da aka yi da su da dokar da aka bi, ya tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi. Wanda ya ce gwamnati tana karanta saƙon kowa ya faɗi abin da ba zai iya karewa ba.

Sanin yadda na'urar ke aiki yana cikin wannan ladabi. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya, ta yadda kamfanin sadarwa ba ya iya karanta su a hanya. Mai son karantawa sai dai ya ƙwace wayar ya buɗe ta, ko ya cusa mata manhajar leƙen asiri irin Pegasus ta kamfanin NSO, wadda ke da tsadar da ta sa mutane ƙalilan ake nufa da ita. Saboda haka saƙonnin nan da ke yawo cewa daga gobe za a riƙa naɗar duk kira da duk hira, ba su da sa hannu ba su da kwanan wata, bai kamata a tura su gaba ba. Suna firgita mutane a banza, suna kuma ba hukuma nasara cikin sauƙi: ta ƙaryata wanda ƙarya ne, sai ta haɗa har da mai gaskiyar ta zubar.

Haka nan ya wajaba a kawo amsar wanda ake zargi yadda ya faɗe ta. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100. Hukumar NIMC mai kula da lambar NIN ta ce ba a kutsa cikin rumbun bayananta ba. Mai adalci zai ambaci duka biyun, sannan ya yi tambayar da ta rage: in ba a kutsa ba, ta wace ƙofa bayanan suka fita? Idan kuma daga baya ya gano ya yi kuskure, sai ya gyara a wurin da ya faɗa, da ƙarfin muryar da ya faɗa, maimakon ya goge rubutun ya yi shiru.

Hujjar tsaro

Ba a yi wa hujjar tsaro riƙon sakainar kashi. Mutanen Arewa sun san sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, da ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022. Da waya masu garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa, da waya kuma masu kai musu bayani ke gaya musu gidan da za su shiga. Uban da ɗansa ke daji zai so a bi sawun kowace lamba. Mai sukar da ya yi magana kamar babu wannan masifa ya raina masu sauraronsa, kuma ba za su saurare shi ba.

Abin da ake buƙata shi ne a karɓi cewa hukuma tana da haƙƙin bincike, sannan a tsananta tambaya kan iyakarsa. Wace doka ce ta ba da dama? Wane alƙali ne ya sa hannu? Wanda ake zargi ake bi, ko kuwa an baza koma ne a kan kowa? Har yaushe za a riƙe bayanan, wa ke duba masu riƙe su, kuma ina wanda aka zalunta zai kai kukansa? Akwai ma tambayar da ta fi waɗannan zafi a bakin talakawa: an sa mutane sun kwana a layi don haɗa NIN da waya da sunan tsaro, to me ya sa har yanzu ake cinikin fansa ta waya ba a kama kowa ba? Shi kansa tsohon ministan sadarwa, Isa Ali Ibrahim Pantami, ya koka a Janairun 2024 cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Wannan suka ce mai ƙarfi, domin da ma'aunin da gwamnati ta kawo da kanta ake auna ta.

Katse layukan waya a Zamfara, wanda ya fara a farkon Satumbar 2021 bisa buƙatar gwamnatin jihar, ya kuma shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, misali ne na inda mutanen kirki suka rabu. Wasu sun goyi baya don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Wasu sun ce masu sana'ar POS sun tsaya cak, iyalai sun rasa labarin juna, ƙauyen da aka kai wa hari kuma ba shi da hanyar neman ɗauki. Ba daidai ba ne a kira na farko 'yan koren gwamnati, ko a kira na biyu magoya bayan 'yan bindiga.

Kada mai suka ya aikata abin da yake suka

A nan ne da yawa ke faɗawa rami. Mutum ya tashi yana kare sirrin jama'a, sai ga shi ya wallafa lambar wayar wani jami'i, ko hoton gidansa, ko makarantar da 'ya'yansa ke zuwa, yana kiran mabiyansa su yi masa ca. Wani ya samu muryar da aka naɗa a ɓoye, ko hoton hirar wani zauren WhatsApp, ya watsa ba tare da ya damu da sauran mutanen da ke ciki ba. Wannan ma sa ido ne, hannun da ke yinsa ne kawai ya sauya. Aikin ofis na jami'i na jama'a ne, a bincika shi ciki da waje. Matarsa da 'ya'yansa da lafiyarsa ba sa cikin lissafi, sai idan an taɓa dukiyar jama'a ko an yi amfani da iko ta wannan hanya.

Takardun sirri sun fi wuyar sha'ani. A 2010 ƙungiyar WikiLeaks ta saki dubun-dubatar takardun yaƙin Afganistan ɗauke da sunayen 'yan ƙasar da suka yi hulɗa da sojojin Amurka, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ciki da Amnesty International, suka nuna damuwa kan rayukan mutanen. A 2013 kuwa jaridun Guardian da Washington Post sun tace takardun Snowden, sun fitar da abin da ya shafi bibiyar jama'a, sun riƙe wasu. Har yau Amurkawa ba su daidaita a kan Snowden ba, wasu na ganinsa gwarzo, gwamnati na tuhumarsa da karya dokar leƙen asiri. Amma bambancin hanyoyin biyu a fili yake. Tona cewa hukuma ta taka doka hidima ce ga jama'a. Bayyana sunan wanda ke ba jami'an tsaro labarin 'yan bindiga a ƙauyensu, ko wallafa motsin sojoji kafin su isa, na iya zama sanadin ajalin wani.

Wannan iyaka ba koyaushe take a shate ba. A Janairun 2019 sojoji sun mamaye ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri, suna zargin ta fallasa shirin farmakin ƙwato garin Baga. Ana iya muhawara kan dacewar labarin, kuma 'yan jarida sun yi ta a tsakaninsu. Amma ko da jarida ta yi kuskure, kotu ce ke yanke hukunci, ba motar sojoji a ƙofar ofis ba.

Harshe da adalci

Suka tana iya yin zafi ba tare da ta zama zagi ba. A ce wannan umarni ya saɓa wa sashe na 37, ko a ce minista ya yaudari majalisa ga hujja, magana ce mai kaifi kuma halal. Zagin iyaye, da laƙaba wa mutum kafirci ko ta'addanci, da jingina laifin jami'i ga ƙabilarsa ko addininsa, ba sa ƙara wa hujja komai, a ƙasa irin Najeriya kuma suna iya kunna wutar da mai maganar ba zai iya kashewa ba.

Adalci yana buƙatar ma'auni ɗaya ga kowace gwamnati. Labarin kwangilar Elbit ya fito ne a zamanin PDP, kuɗin bibiyar WhatsApp kuma a zamanin APC. Wanda ya yi kururuwa a kan ɗaya ya yi gum a kan ɗayan, jam'iyya yake karewa. Na'urar da aka saya yau don bibiyar abokin hamayya tana nan a ofis ranar da mulki zai sauya hannu. Wanda ake biya don ya yi magana, irin waɗanda ake kira sojojin baka, ya kamata masu sauraro su san wa ke biyansa. Ɓoye suna don tsoron kamu uzuri ne karɓaɓɓe, musamman ga ƙaramin ma'aikacin da ya ga ɓarna a ofis, amma ba lasisin ƙazafi ba ne, kuma hujjar wanda ya ɓoye sunansa dole ta fi ta kowa ƙarfi, tunda ita kaɗai za a iya dubawa.

Waɗannan ladubba nauyi ne da mai suka ke ɗora wa kansa, ba sharaɗin da hukuma za ta gindaya kafin ta bar mutum ya yi magana ba. Tarihi ya nuna yadda ake fakewa da hana cin mutunci a toshe bakin jama'a. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian ta Legas gidan yari na shekara guda. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya mai da saƙon da ya ɓata wa wani rai laifi, an kuma yi ta kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook da shi, har kotun ECOWAS ta ce a 2022 ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Kotun dai ta ce dakatar da Twitter da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa wa doka. Saboda haka wanda ya ga an tsare wani marar ladabi ba bisa ƙa'ida ba, yana iya ƙin kalamansa ya kuma nemi a sake shi ko a kai shi gaban alƙali. Wanda aka ɓata wa suna, ko gwamna ne, ƙofar kotu a buɗe take gare shi.

Inda ake kai kuka

Rubutu a kafafen sada zumunta da kira a shirin rediyo suna tayar da magana, amma ba safai suke kai ta ƙarshe ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma a ƙa'ida cikin kwana bakwai za a amsa masa. Idan an hana shi da hujjar tsaro, yana iya neman kotu ta duba hujjar. Sashe na 46 na kundin tsarin mulki ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake shirin tauye masa, damar zuwa babbar kotu. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa tana karɓar ƙorafi kyauta, hukumar NDPC kuma tana karɓar wanda ya shafi bayanan mutum da aka yi wasa da su.

Akwai kuma zaman jin ra'ayin jama'a a majalisa, wanda mutane kan raina. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa na jihar Neja ya gabatar da ƙudurin dokar kafafen sada zumunta, wanda zai ba hukuma ikon ba da umarnin toshe shafuka da hukunta masu yaɗa abin da ta ɗauka ƙarya ne. A zaman da majalisar dattawa ta yi a Maris ɗin 2020, ƙungiyoyin farar hula da lauyoyi da 'yan jarida sun zo da takardu, suna bin ƙudurin sashe-sashe suna nuna inda ya ci karo da kundin tsarin mulki da inda ya maimaita dokokin da ake da su. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ƙi shi, majalisar kuma ta kammala wa'adinta a 2023 ba tare da ya zama doka ba.